Farin Mayafin Mma a Ƙofar Gidan Makoki

Mahaifiyarmu, wadda duk gida muke kira Mma, ita ce mai wankan gawar mata a ɓangarenmu na unguwar Tishigu a garin Tamale tun kafin in yi wayo. Idan mace ta rasu, ko tuwo na kan wuta, da an yi sallama a ƙofar gida za ta miƙa wa wata muciya, ta ɗauki ƙwaryarta da garin magarya da kafur, ta yafa farin mayafi ta fita. Ban taɓa ganin ta je gidan rasuwa da wani launi ba. Atamfofi tana da su cike da akwati, na suna daban, na biki daban, amma mutuwa fari take sa mata, fari sol, wanda ya sha bula da guga. Takan ce wadda za a naɗe da fari, rashin kunya ne mutum ya tsaya a kanta da kayan ado.

Alawayyon likkafani a wurin wani tsohon Ba'indiye take saye, mai shagon yadi a bakin babbar kasuwa. Sun saba ƙwarai, shi da gurguwar Hausarsa, ita da tsokanarta. Wata rana ina tare da ita ya tambaye ta abin da take yi da farin yadi haka ba hutu. Da ta gaya masa, sai ya ja wuyan rigarsa ya nuna mata wata farar 'yar shara mara nauyi da ke ciki. Ya ce su a addininsu tun mutum yana yaro ake sa masa ita, ba ya rabuwa da irinta har ranar da za a ɗauke shi, kuma idan an yi mutuwa kowa fari yake sawa, har limamansu. Mma ta kai labarin wurin malamin unguwa, ya ce ai waɗannan su ne Majusawan da ake ambata a littafi, masu girmama wuta. Ta yi a'uziyya, amma wallahi labarin ya yi mata daɗi. Daga ranar ta samu abin kafa hujja. Idan har Majusawa sun san fari ake sa wa mutuwa, a wurinta duniya duk ta sani.

Ni kuwa tela ce, shagona yana Kasalgu, kuma da yawa daga masu kawo mini ɗinki Kiristoci ne 'yan kudu da aiki ya kawo Tamale, malaman makaranta da na asibiti. Kayan makokinsu na ɗinka har hannuna ya san su. Baƙi, ko baƙi da ja, idan mutuwar mai zafi ce, wato matashi ko wanda ya tafi ba zato. Fari idan tsoho ne tukuf da ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, don wannan a wurinsu abin godiya ne. Farin nan kuma shi mai jego ke sawa idan ta sauka lafiya, shi wanda ya ci shari'a ke sawa, har a barbaɗa masa hoda a ka ana shewa. Abin da na sani ke nan a kan keken ɗinki, kuma ban taɓa zaton zai shafi gidanmu ba.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Mma, ni da Yaya. Ita ce babba, ita ce mai kan karatu, ita ce mai haƙuri. Ni kowa a Tishigu ya san bakina ba ya jiran zuciyata ta huce. Yaya ta tafi kwalejin horon malamai, ta dawo tana koyarwa, a nan ta haɗu da wani malami ɗan kudu, ɗan Katolika, mutum mai sanyin magana. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Da dangin malamin suka zo neman aure, har da uwarsa, wata doguwar tsohuwa mai kaifin ido, Mma ba ta bari sun zauna ba. A tsakar gida, gaban kowa, ta ce wa wanda ke yi musu tafinta ya gaya musu ita ɗiya ɗaya gare ta, ta nuna ni. Ta ce waccan su tafi da ita, ta ba su. Mai tafintan nan, Allah ya yafe masa, bai rage ko kalma ba.

Yaya ta yi aurenta, daga baya ta shiga addinin mijinta. Ba zan ɓoye ba, ni ma abin ya ƙona mini rai, na yi watanni ba na gaishe ta. Amma ni ban iya doguwar gaba ba, faɗana na baki ne. Na koma ina zuwa gidanta a Gurugu, in ci abincinta, in zage ta, ta yi dariya. Ta taɓa nuna mini hoton ranar da aka yi mata baftisma, tana sanye da farar riga har ƙasa, ta ce fada, limamin cocinsu, ya gaya mata ta riƙe farin nan da tsabta har ta kai shi gaban Allah. Na ce ta ɓoye hoton kafin in yaga shi. Mma kuwa ta kafe. Gari ɗaya suke, kasuwa ɗaya suke ci, amma idan ta hango Yaya a layin masu tumatir sai ta ratse ta layin masu gishiri. Duk da haka idan na dawo daga Gurugu takan bi ni da ido, ta tambaye ni ko hanya lafiya, ta sake tambaya, har in gane in ce kowa lafiya. Ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta kuma taɓa fasa tambayar hanya ba. Haka muka yi shekaru.

Ciwon Yaya bai yi tsawo ba. Ciki ne, aka kwantar da ita, aka ce za a yi aiki. Na gaya wa Mma tana tsince shinkafa, hannunta ya tsaya a faranti, ta ce Allah ya sawwaƙe. Washegari na ce mata jiki ya yi tsanani, ta tashi mu je. Ta ce gobe in Allah ya kai mu. Na yi faɗa, na buga ƙofa, ta yi kamar ba da ita nake ba. Goben da safe na fito na same ta ta yi wanka, ta dama koko mai citta irin wanda Yaya ke so, tana zubawa a filas. Tana cikin rufe murfin wayata ta yi ƙara. Mijin Yaya ne, bai iya magana ba, kuka kawai yake. Mma ta dube ni, ta ajiye filas ɗin a ƙasa a hankali, ta yi salati, ta shiga ɗaki.

Abin da ya biyo baya shi ya fi mutuwar cin ran Mma. Matar da ba ta taɓa yarda gawa ta wuni ba, sai ga tata ɗiyar an saka ta a firij ɗin asibiti, wai sai dangin miji sun taru daga kudu, an tsayar da rana, an buga sanarwa. Makonni aka yi. Kullum da safe takan tambaye ni ko har yanzu tana cikin sanyin, in ce e. Ta ce Yaya fa ba ta son sanyi, ko da damina sai ta nemi rigar ɗumi. Mata suka ci gaba da rasuwa a unguwa, Mma ta ci gaba da zuwa wanka, ta dawo ta zauna a bakin ƙofa ba ta cin komai. Ta san ba za a ba ta gawar ta wanke ba, ba ta ma nema ba. Abu ɗaya ta roƙa, kuma ni ta aika, ita da ba ta taɓa aika saƙo Gurugu ba.

“Ki gaya masa ba na neman komai. Fuskarta kawai nake so in gani.”

Mijin ya ce ya yarda da dukkan zuciyarsa. Ya ce ranar Asabar da safe za a kwantar da ita a falon gidansu kowa ya shiga ya gan ta, daga nan a rufe akwati a kai ta coci, daga coci mota ta wuce da ita garinsu can kudu. Safiyar nan ce kaɗai, babu wata.

Na sayo baƙin yadi, na ɗinka mana ni da ita, nata doguwar riga mai yalwa da mayafi, ba wani ado. Ranar Juma'a na kai mata. Ta ɗaga shi da yatsa biyu ta dube ni kamar na kawo mata mushe. Ta ce baƙi kayan masu fushi da hukuncin Allah ne, ita ba ta fushi da Allah, kuma ba za ta tsaya a kan ɗiyarta da kayan da ba ta taɓa tsayawa da su a kan 'ya'yan wasu ba. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, yadda na faɗa a sama, cewa Yaya ba tsohuwa ba ce, fari a makokinta a idon mutanen nan murna ce. Ta yi tsaki. Ta ce shekara nawa tana ganin fadan cocinsu yana wucewa a babur da farar riga har ƙasa, sistocinsu ma fari suke sawa, to ashe su kullum murnar mutuwa suke? Ta kawo Ba'indiyenta, ta kawo Majusawa. Na ce Mma, ba Majusawa za ki tarar a Gurugu ba, surukar Yaya za ki tarar, wadda kika kora a tsakar gidan nan. Ta ce wace uwa ce za ta yi murnar mutuwar abin da ta haifa, su ma ai suna da ido, za su ga fuskarta.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Na ce taurin kan nan shi ya hana ta zuwa asibiti. Na ninke baƙin na ajiye mata a kan gado, da fatan dare zai sauya mata tunani. Ta ce in yi gaba da safe, za ta biyo ni idan ta yi walaha.

Na isa Gurugu da wuri. An kafa rumfuna baƙi da ja har kan titi, an jera kujerun roba, lasifika na ta waƙoƙin coci. Ko'ina ka duba baƙi ne, sai ɗan ja a wuya ko a hannu. Na shiga layi na shiga falon. Sun kwantar da Yaya cikin farin leshi tun daga wuya har ƙafa, da farar safar hannu, da carbinsu mai gicciye tsakanin yatsunta. An shafa mata hoda da yawa, sanyin makonnin nan ya canza ta, wallahi da a hanya na ga fuskar nan da na wuce. Sai da na sunkuya na ga tabon da ke saman girarta ta hagu, inda ta faɗi a kan bakin turmi tana ƙarama, sannan na gane ita ce, na fashe da kuka. Wata mata ta riƙe ni ta fito da ni. Na zauna inda zan riƙa ganin titi, ina jiran Mma.

Tun daga nesa na gane ta a cikin keken haya mai ƙafa uku da muke kira yalo-yalo, don babu wani abu fari a titin nan sai ita. Kayan da ta dawo da su daga Makka ta sa, waɗanda take adanawa a ƙasan akwati, riga fari, zane fari, mayafi fari har da takalmi. Mafi darajar abin da ta mallaka ta saka wa ɗiyarta. Ta sauko, ta gyara mayafi, ta nufo ƙofar gida kanta a ƙasa tana motsa baki da addu'a. Hirar da ake yi a rumfuna ta ɗauke layi bayan layi. Na ji wata ta tambaya da Twi, yarensu na kudu, wace ce wannan, wata ta ce uwarta ce, sai na ji wani irin gunaguni ya tashi.

Kafin in kai wurinta matan dangin mijin sun cika bakin ƙofa. Ba su taɓa ta ba, tsayawa kawai suka yi kafaɗa da kafaɗa. Mma ta yi musu sallama, ta yi musu gaisuwar rashi da Hausa, ba wadda ta amsa. Tsohuwar nan uwar mijin ta taso daga kujerarta da sandarta, ta ƙare wa Mma kallo daga sama har ƙasa, ta yi magana a hankali, idonta jajur don kuka. Mma ba ta jin Twi. Ta juyo ta tambaye ni me ta ce, kuma ni ce dole in faɗa.

“Ta ce kin zo ki nuna musu kin ci nasara. Ta ce kin ce ba ki da ɗiya, yau Allah ya gaskata ki, shi ya sa kika sa fari.”

Ban taɓa ganin fuskar Mma ta yi haka ba. Ni kuwa wuta ta kama ni. Na juya kan tsohuwar da Twi ɗina na shago, na haɗa da Turanci inda ya ƙare mini. Na ce matar nan gawa nawa ta wanke a garin nan, duk da fari, fari shi ne girmamawarmu. Na ce ita kanta gawar ai fari kuka sa mata, ko ita ma murnar take? Tsohuwar ta ce e, ita mamaciyar tana da abin murna, farin baftismarta ne za ta mayar wa Mai shi, amma wanda aka bari a baya kuka ne nasa. Ta ce su suka yi jinya, su suka kwana a ƙasan asibiti, tana ganin yarinyar nan tana duban ƙofa kullum, uwar ba ta zo ba. Wannan kam ban fassara ba. Kuma gaskiya ce.

Na nemi mijin Yaya, aka ce yana ciki tare da manyan dangi ana shirin rufewa. Na yi ƙoƙarin kutsawa aka tare ni. Sai wata dattijuwa daga cikin matan, ban san ta ba har yau, ta kwance baƙin zanen da ta yafa a kafaɗa ta miƙo. Ta ce a rufa mata wannan a kan farin ta shiga, magana ta ƙare. Tsohuwar ta kawar da kai, alamar ta yarda.

Na karɓa na riƙe a gaban Mma. Na ce mata ta yafa kawai, na ɗan lokaci ne, Allah ya ga zuciyarta. Ta tsaya tana kallon zanen. Na san abin da ke kai-kawo a ranta. Tun tana budurwa take gaya wa mata baƙi kayan masu jayayya da Allah ne, ga shi yanzu idon jama'a a kanta, kuma yafa shi kamar amsa laifin da aka ɗora mata ne, cewa da farin nan murna ta zo yi. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da darajar iyayenta. Ban san tsawon tsayuwar nan ba. A wurina ta yi tsawo ƙwarai, mai yiwuwa a agogo ba wani abu ba ce. Daga ƙarshe ta ɗago hannu, ta karɓa, ta fara warware shi.

Tana cikin warwarewa aka kashe lasifika, waƙa ta tashi daga cikin gidan, muryoyin mutane zalla. Matan bakin ƙofa suka dare biyu, ba don mu ba. Maza shida suka fito ɗauke da akwatin a kafaɗa, a rufe.

Na ruga wurin mijin, yana biye da su kamar wanda ba ya gani. Na riƙe rigarsa na ce ga Mma, a sauke a buɗe mata ko kaɗan. Ya dubi Mma, ya fashe da kuka, ya juya wurin wani kawunsa. Kawun ya girgiza kai, ya ce manya sun rufe, sun yi sallama da ita, ba a sake buɗewa, balle a tsakiyar titi. Na yi ihu, na faɗi maganganu, ba wanda ya kula ni. Mma kuwa ta ƙarasa yafa baƙin zanen a kan farin mayafinta, ko da yake ba wanda ya ƙara neman hakan daga gare ta, ta bi bayan akwatin da ƙafa har coci.

Ba ta shiga ba. Muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro da ke fuskantar ƙofa. Fada ya fito ya tarbi akwatin a bakin ƙofar, farar rigarsa har ƙasa, da wani abu ruwan malmo a bisanta. Mma ta ce a hankali, ga shi nan, shi ba su tare shi ba. Ya yayyafa wa akwatin ruwa, sai aka kawo wani babban farin ƙyalle aka shimfiɗa a kai, ya rufe shi ruf har gefe da gefe. Na ji yatsun Mma sun damƙe wuyan hannuna. Ta ce ashe suna yin likkafani, a waje suke sa nasu. Na ga kafaɗunta sun ɗan sauka, karo na farko tun ranar kokon nan. Ni ma ban san yadda abin yake ba. Muka tsaya a nan har aka gama, rana ta taso ta cinye inuwar, ba ta nemi wurin zama ba.

Da aka fito da akwatin, a daidai bakin ƙofar, mutum biyu suka kama ƙyallen nan ta gefe, suka ɗage shi, suka ninke shi da kyau, ɗaya ya koma da shi ciki. Mma ta yi taku biyu gaba.

“Don me suke cire mata?”

Na tambayi wani mutum da ke kusa, ya ce na coci ne, kowa aka kawo shi ake rufa masa, talaka da mai kuɗi, don tuna farin baftisma, ba a binnewa da shi. Na gaya mata. Ta gyaɗa kai. Aka saka akwatin a mota, jiniya ta tashi, suka kama hanyar Kumasi. Muka tsaya har ƙarar ta ɓace.

A gida ta cire baƙin zanen, ta wanke shi da hannunta, ta goge, ta ba ni in mayar wa mai shi. Na yi cigiya a Gurugu ban same ta ba, yana nan a shagona. Kwanaki Mma ba ta ɗaga zancen ba, ni ma ban ɗaga ba, muna cin abinci a kwano ɗaya kamar baƙin juna. Ran nan da la'asar ina cire mata zare a wani mayafi, sai ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, wane kaya suka sa mata a ciki. Na ce fari, Mma, farin leshi daga wuya har ƙafa. Ta ce ashe su biyu ne suka sa fari ranar, ita da Yaya. Sannan ta ce in gaya mata fuskar.

Ni ce idonta, ni kaɗai a gidanmu na gani, kuma abin da na gani ba fuskar da take nema ba ce. Na gaya mata gaskiya, na ce sanyi da hoda sun canza ta, ban gane ta ba sai da na ga tabon turmi. Mma ta kai yatsa saman girarta ta hagu, daidai wurin. Ta ce ranar nan ita ta danne ciwon da gefen zanenta har jinin ya tsaya, Yaya ba ta yi kuka ba, ita ce ta yi. Sai ga shi tana kuka, kukan da ba ta yi ranar rasuwar ba, ba ta yi a Gurugu ba. Na yi fushi da ita shekaru a kan Yaya, har yau idan na tuna filas ɗin nan raina yana tafasa, amma ranar ban iya komai ba sai riƙe ta.

Ba ta daina wankan gawa ba, ba ta kuma daina sa fari ba. Tsohon Ba'indiyen ya bar shagon ga wani, can take sayen alawayyonta har yanzu. Abu ɗaya ne ya sauya, kuma duk Tishigu an san shi, maza har ƙorafi suke kawo mini a shago, wai in yi wa tsohuwata magana. Da can Mma ta fi kowa sauri, tana gamawa take ɗaurewa ta ce a shigo da makara. Yanzu idan ta wanke, ta shafa kafur, ta naɗe ko'ina, sai ta bar fuskar a buɗe. Ta fito tsakar gida ta tambaya ko akwai wadda ba ta gani ba. A ce mata kowa ya gani. Ta tambaya ko akwai wadda ke hanya, ko wadda aka yi faɗa da ita, ko wadda ke jin kunyar shigowa. A ce babu. Liman yana waje, maza sun jeru cikin rana, ana ta aiko mata cewa lokaci yana tafiya.

Na taɓa bin ta wani gida na ga abin da idona. Bayan an ce mata babu kowa, ta ratsa zaure, ta wuce maza da makararsu, ta fita har bakin titi da farin mayafinta. Ta duba gabas, ta duba yamma, ta jira wani yalo-yalo da ke tahowa ya iso ya wuce ba tare da ya tsaya ba. Sannan ta koma ciki ta rufe fuskar.